AIKIN LAUYA WAJEN SAYEN GIDA DA FILI DA HAYA

Jama'a, sunan unguwarmu kansa ya isa ya ba mu labarin asalinta. Runji a Hausar Sakkwato shi ne ƙauyen gona, inda barorin wani babban mutum su ke zaune suna yi masa noma. Watau Runjin Sambo asalinta gonaki ne a bayan gari. Amma yau duba ku gani. A shekarar 1967 Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma. A 1975 aka kafa Jami'a, wadda aka sa wa sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Gari ya yi ta faɗi, har ya haɗiye gonakin. Ma'aikata suna neman gidaje, ɗalibai suna neman ɗakuna, 'yan kasuwa suna neman shaguna a bakin titi. Wurin da a da a ke shuka gero da wake, yanzu taku taku a ke auna shi a sayar.

To, inda ƙasa ta yi tsada, nan rigima ta kan yi yawa. Mun sha ganin mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya sayi fili, sa'an nan ya wayi gari ba fili ba kuɗi. Saboda haka mu ke so mu yi bayanin aikin lauya a cikin wannan sha'ani. Maganarmu guda ɗaya ce: lokacin zuwa wurin lauya shi ne kafin ka biya kuɗi, ba bayan rigima ta tashi ba.

WANE NE LAUYA?

Mutanenmu da yawa suna tsammani lauya mutumin kotu ne kurum, sai wanda aka kama ko wanda aka kai ƙara shi ke nemansa. Wannan zato yana da dalili. Zamanin En'e doka ba ta yarda lauya ya tsaya gaban alƙali ba, sai a kotun Joji. Lauyoyin ma ba su da yawa. Ɗan Nijeriya na farko da ya zama lauya shi ne Sapara Williams, wanda ya gama karatunsa a Ingila a 1879. Jihar Arewa kuwa ba ta sami nata na farko ba sai a 1955, watau Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq, mutumin Ilori. A 1962 aka yi dokar kafa Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, ta fara aiki a Ikko a 1963.

Yau al'amari ya sake. 'Ya'yanmu da ƙannenmu, maza da mata, suna karatun shari'a a nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna wucewa Makarantar Horon Lauyoyi, sa'an nan a rubuta sunayensu a littafin Kotun Ƙoli. Wanda sunansa ke cikin littafin nan shi ne lauya. Tsayawa a kotu kashi ɗaya ne kawai na aikinsa. Sauran aikin a ofis ya ke yinsa: ya bincika, ya ba da shawara, ya rubuta takarda. Har ma dokar lauyoyi ta 1975 ta hana wanda ba lauya ba ya karɓi lada don ya tsara takardar mallakar ƙasa ko gida.

ƘASA TA WA CE?

Kafin mu gane aikin lauya, sai mu san abin da mu ke saye in mun ce mun sayi fili.

Tun zamanin Daular Usmaniyya akwai ƙa'idar riƙon ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙin ƙasa a shari'ar Musulunci. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun yi doka a 1910 wadda ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan doka a 1962. Daga baya, ran 29 ga Maris 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game Nijeriya duka. Ita a ke bi har yanzu.

Ga abin da dokar nan ta tanada a taƙaice. Ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamnanta. Ƙasar birni, irin tamu ta Runjin Sambo, Gwamna ke kula da ita. Ƙasar karkara kuwa Ƙaramar Hukuma. Abin da mutum ke da shi shi ne haƙƙin zama da amfani. Gwamna ya kan ba da takardar shaidar mallaka, wadda a ke kira satifiket, galibi ta shekara 99. Wanda ya riga ya gina gidansa kafin 1978, doka ta ɗauke shi kamar wanda aka ba haƙƙin, ko da ba shi da satifiket. Sashe na 22 ya hana mai wannan haƙƙi ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani, sai da yardar Gwamna. Sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi ba bisa dokar ba, ɓatacce ne.

Kada ku ɗauka wannan magana ce ta fatar baki. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'a tsakanin bankin Savannah da wani mutum mai suna Ajilo. An jinginar wa bankin gida a Ikko, ba a nemi yardar Gwamna ba. Kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba, banki ba shi da ikon sayar da gidan. In banki da manyan ma'aikatansa ya faɗa wannan rami, ina ga ni da kai?

WANI MISALI

A ce ga wani tela. Ya shekara 12 yana ɗinki, yana adashi, har ya tara naira miliyan 3. Dillali ya zo ya ce masa akwai wani kango a bayan titi, mai shi yana cikin matsi, in bai yi sauri ba wani zai riga shi. Tela ya je ya gani, ya yaba. Aka zauna a zaure, aka yi ciniki, aka yi sallama. Aka yago takarda daga littafin ɗan makaranta aka rubuta layi huɗu, shaidu biyu suka sa hannu. Aka yi fatiha aka watse.

Tela ya kawo yashi da bulo. Ran da magina suka fara haƙa, sai ga mata biyu da sammaci. Ashe kangon gādo ne, ba a raba ba. Wanda ya sayar babban wa ne kurum. Ƙannensa mata suna gidajen aure, ba wanda ya shawarce su, ga kuma maraya a cikin magada. Wan ya riga ya kashe kuɗin. Yanzu tela ya tafi neman lauya. Lauya zai yi iyakar ƙoƙarinsa, amma shari'ar ƙasa ta kan ɗauki shekaru, kuma abin da zai kashe ya ninka abin da zai biya tun farko sau da yawa. Da ya zo kafin ya biya, tambaya ɗaya ta isa ta tone maganar: "Yaya aka yi wurin nan ya zama naka?"

AIKI NA FARKO: BINCIKE

Hausawa sun hana cinikin biri a sama. Aikin lauya na farko shi ne ya sauko da birin ƙasa ka gan shi. Ga abubuwan da zai bincika.

1. Asalin mallaka. Mai sayarwa saye ya yi, ko gādo ya ci, ko kyauta aka yi masa, ko gwamnati ta ba shi? Kowace amsa tana da shaidarta. Lauya zai bi sawu daga hannu zuwa hannu, har ya kai ga tushe. Ba mai iya sayar da abin da ba nasa ba.

2. Ofishin rajista. Zai tafi Ma'aikatar Filaye ya biya kuɗin bincike, a buɗe fayil. Nan zai ga ko satifiket ɗin na gaske ne, ko sunan da ke kai shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar wa banki, ko an riga an sayar wa wani, ko ana bin wurin kuɗin ƙasa na shekara shekara.

3. Magada. In gādo ne, zai nemi takardar rabon gādo daga Kotun Shari'a. In ba a raba ba, tilas kowane magaji ya yarda, mace da namiji, ko ya wakilta wani a rubuce. Rabon maraya kuwa ba a taɓa shi sai ta hannun wasiyyinsa da sanin alƙali. Akwai kuma haƙƙin shuf'a a mazhabarmu ta Malikiyya. Watau in mutane suna tarayya a gida, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayya yana da ikon ya biya kuɗin ya karɓe.

4. Kotu. Zai bincika ko akwai ƙara a kan wurin. Wanda ya sayi fili ana cikin shari'arsa, ya sayi shari'a.

5. Wurin kansa. Gani ya kori ji. Lauya zai je da safiyo a duba turakun iyaka, a gwada su da taswira. Zai tambayi maƙwabta da mai unguwa. Zai duba ko akwai mai zama a ciki, da wane matsayi ya ke zaune. Zai tambayi hukumar tsara birni ko wurin ya faɗa kan hanya, ko magudanar ruwa, ko filin makaranta, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Mu da ke kusa da fadama sai mu ƙara da tambayar ruwa. Ba mu manta da ambaliyar shekarar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa Jami'a.

Ku lura da wannan. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba Gwamna ikon karɓe wuri domin amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti. In an karɓe, diyyar da a ke biya ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe a wurin, kuma mai haƙƙi na gaskiya a ke ba. Wanda ya sayi wurin da gwamnati ta riga ta karɓe, ya yi gini a kai, yana iya rasa duka.

In lauya ya gama, zai gaya maka ɗaya daga cikin uku: saya, ko dakata sai an gyara kaza, ko kuwa bar shi. In ya ce ka bari, kada ka ce kuɗinka ya tafi banza. A ranar ce ya fi yi maka aiki.

AIKI NA BIYU: RUBUTA TAKARDA

Rubuta ciniki ba baƙon abu ba ne gare mu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Shaidu su kan mutu, su kan yi ƙaura, su kan manta. Takarda ba ta mantuwa.

Amma ba kowace takarda ce takarda ba. Rasit shaida ce cewa ka biya kuɗi. Ba ta isa ta mai da sunanka kan satifiket ba. Lauya ya kan fara da yarjejeniyar ciniki. A ciki zai sa sunayen masu ciniki da adireshinsu, da kwatancin wurin daidai da taswira, da kuɗin da aka sallama, da kafin alƙalamin da aka bayar, da ranar cika saura, da ranar ba da mabuɗi, da abin da zai faru in ɗaya ya saɓa. Sa'an nan ya tsara babbar takardar miƙa haƙƙi, wadda ke fitar da wurin daga hannun mai sayarwa zuwa hannunka. A cikinta mai sayarwa ke ɗaukar alkawarin cewa wurin nasa ne, ba bashi a kansa, in kuma wani ya taso da magana shi zai tsaya. Bisa al'ada lauyan mai saye shi ke tsara wannan takarda. Ran biya, a biya ta banki domin a bar sawu, a karɓi takardun asali hannu da hannu.

Akwai wata takarda da ta ke ruɗin mutane, ita ce takardar wakilci. Wasu su kan ce a yi ta a madadin takardar ciniki don a guje wa wahala da kuɗin gwamnati. Ku sani, takardar wakilci izini ce kawai, cewa wane ya yi abu kaza da sunan wane. Ita kaɗai ba ta mai da kai mai gida. Tana da amfaninta, misali ga ɗan'uwanmu da ke zaune a Makka ko Kumasi yana so a sayar masa da gida a nan. Amma in wakili ne ke sayar maka, sai lauya ya tabbata mai wakilcin yana da rai, bai janye ba, kuma izinin ya haɗa da sayarwa.

AIKI NA UKU: CIKA SHARUƊƊAN GWAMNATI

Yawancinmu a nan mu ke yin sakaci. An biya, an karɓi mabuɗi, shi ke nan sai a sa takarda ƙarƙashin katifa. Alhali da sauran aiki uku.

Na ɗaya, neman yardar Gwamna. A doka nauyin mai sayarwa ne, don haka lauya zai sa ya sa hannu a takardar nema tun ran ciniki, kafin ya yi nisa. Na biyu, biyan kuɗin kan sarki, a buga wa takarda hatimi. Na uku, rajista a ofishin filaye, a ba takardar lamba da shafi.

Me ya sa rajista ta zama tilas? Domin ita ce sanarwa ga duniya. A ce maras tsoron Allah ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Na farko ya ajiye takardarsa a gida. Na biyu bai san da cinikin farko ba, ya kai tasa aka yi rajista. In an je kotu, na farko yana cikin hatsarin rasa wurin, ko da ya ke shi ya riga biya.

Bayan wannan kada ka bar fili ba alama. Kewaye shi, ka riƙa zagayawa. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi. Watau in bare ya shekara 10 yana riƙe da wuri, yana gini yana rushewa, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba, ba kuwa abin da ya hana shi, to, ba a sauraron ƙararsa bayan haka.

IN KAI NE MAI SAYARWA

Mai sayarwa ma yana bukatar lauya. Zai tattara masa takardunsa tun kafin mai saye ya zo, gama wuri mai cikakkun takardu ya fi daraja. Zai hana shi sakin takardun asali kafin kuɗi su cika. In magada ne, zai tara su, kowa ya sa hannu, a rubuta rabon kowa, don kada zumunci ya lalace saboda gida. Abin da ya fi kyau kowane ɓangare ya riƙe lauyansa. Lauyan mai sayarwa amanar mai sayarwa ya ɗauka, ba taka ba.

HAYA

Haya ita ce ta fi shafar yawancinmu. A nan ma magana ta baki ita ke kawo faɗa. Takardar haya, wadda galibi lauyan mai gida ke tsarawa, ya kamata ta faɗi waɗannan: nawa ne kuɗin, yaushe a ke biya, ran da haya ta fara da ran da za ta ƙare, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, wa zai biya wuta da ruwa da yashe masai, ko an yarda a mai da ɗaki shago, ko ɗan haya yana iya sa wani a madadinsa, da kuma notis ɗin da za a bayar in za a rabu. Ɗan haya yana da ikon ya kai takardar wurin nasa lauyan a duba masa kafin ya sa hannu. Kowane biya kuma a karɓi rasit.

In ba a rubuta tsawon notis ba, ƙa'idar da aka saba bi a dokokin haya ita ce: mai biyan mako mako, kwana 7; mai biyan wata wata, wata 1; mai biyan wata uku uku, wata 3; mai biyan shekara, wata 6. In notis ya cika bai tashi ba, a sake ba shi na kwana 7, cewa za a kai shi kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya. Mai gidan da ya cire ƙofa, ko ya kware rufi, ko ya watsar da kaya waje, ya mai da kansa mai laifi, ko da yana bin bashi. Notis kuwa in an yi kuskuren lissafin kwanakinsa, kotu tana iya watsar da shi a koma farko. Shi ya sa a ke ba lauya ya rubuta.

Hayar da ta wuce shekara 3, kamar ta wanda zai karɓi fili ya gina shaguna ko gidan mai, hukuncinta ya yi kusa da na saye. Tana bukatar babbar takarda, da yardar Gwamna, da rajista. A rubuta kuma wanda zai mallaki ginin in wa'adi ya cika.

WANDA BAI IYA KARATU BA

'Yan'uwa, wannan sashe namu ne musamman. Tun zamanin Turawa akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum, tilas ya sa sunansa da adireshinsa a jiki. Yin haka shaida ce cewa an karanta wa mutumin takardar, an fassara masa da harshen da ya ke ji, kafin ya dangwala yatsa. Lauyan kirki ba ya tsallake wannan. Yawancin takardun nan da Turanci a ke rubuta su. Wanda ya iya karatun Hausa ko ajami, amma bai ji Turanci ba, shi ma yana da haƙƙin a fassara masa.

Saboda haka kada ka ji kunya. Ka ce a karanta maka layi layi. Inda ba ka gane ba ka ce a maimaita. Ka zo da ɗanka ko amininka mai karatu. Ka duba sunanka da adadin kuɗi da idonka, gama wannan kam mun koya a aji. Kada ka taɓa dangwala yatsa a farar takarda, ko mai gurbin da ba a cike ba, ko wane ne ya ce ka yi. Ka karɓi kofenka ka tafi da shi gida.

KOWA DA AIKINSA

Ba mu ce a yar da dillali ko mai unguwa ba. Dillali shi ya san inda kaya su ke, shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi ne zai ce maka ka fasa ba. Mai unguwa da hakimi sun san tarihin wuri da mutanensa, shaidarsu tana da nauyi ƙwarai. Amma hatiminsu ba ya zama a madadin yardar Gwamna. Safiyo shi ke auna iyaka. Alƙalin Kotun Shari'a shi ke raba gādo. Rigimar mallakar filin birni mai haƙƙin Gwamna kuwa, sashe na 39 ya ce Babbar Kotun Jiha ke jin ta. Lauya shi ke bi ta kan waɗannan duka, ya ɗinke aikinsu wuri guda, ya tsaya a bayanka kai kaɗai.

YADDA ZA KA ZAƁI LAUYA

Ba duk mai baƙar kwat ne lauya ba. Je ofishinsa da ƙafarka, kada ku ƙare a gindin bishiya. Tun 2015 kowane lauya yana da ɗan hatimi na Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda ya ke mannawa a takardar da ya tsara. Duba ka gani. In kana shakka, ƙungiyar tana da reshe a nan Sakkwato, ka tambaya.

Ku yi maganar lada tun farko, a rubuta. A rarrabe maka ladansa dabam, kuɗin gwamnati dabam, kowanne da rasit. Ka gaya masa gaskiya duka, har abin da ba ka so a ji, gama abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, kuma doka ta hana shi fallasa asirinka. Kada ka roƙe shi ya rage kuɗin ciniki a takarda don gudun haraji. Ran da rigima ta tashi, abin da ke rubuce shi za a ce ka biya. In kuwa lauya ya ci amana, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunansa daga littafi.

Wani zai ce, "Ni talaka ne, ina na ga kuɗin lauya?" To, ɗan'uwa, mai kuɗi in ya yi hasarar fili ɗaya yana da wani. Kai fa? Wanda guminsa na shekara 12 ke cikin ciniki guda, shi ya fi kowa bukatar a duba masa. Ka lissafa ladan lauya cikin kuɗin saye tun farko, kamar yadda ka ke lissafa la'ada da kuɗin bulo. In dillali ya ce sai yau sai yau, ka ce masa sai lauyanka ya gani. Mai gaskiya zai jira mako biyu. Wanda ya ƙi jira, ya riga ya ba ka amsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu muhalli na halal, ya raba mu da rigima.

TAMBAYOYI

1. Yaushe ya kamata mai sayen fili ya je wurin lauya?
2. A hannun wa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni?
3. Faɗi abu 5 da lauya ke bincikawa kafin a biya kuɗi.
4. Mene ne bambancin rasit da takardar miƙa haƙƙi?
5. Notis na wata nawa a ke ba mai biyan haya shekara shekara?
6. Me za ka yi kafin ka dangwala yatsa a takarda?
7. Rubuta wa ƙanenka wasiƙa ta layi 6, ka gargaɗe shi a kan sayen gidan gādo.